Zauren Masu Karatu: Waƙoƙin waɗanda sunka faɗi sunka tashi

Assalamu alaikum jama'ar zaure. A fitowar da ta gabata na ɗan ambaci cewa idan zafin Maradi ya hana barci nakan fitar da tabarma tsakar gida in kunna waƙoƙin turawan karkarar Amurka, to ashe na sosa wa mutane inda ke yi musu ƙaiƙayi, saƙonni sunka yi ta shigowa fiye da yadda na zata. Kusan duk a kan abu guda ne, waƙoƙin nan na kantiri rok masu zancen shaye-shaye da kaso da nadama da komowa kan hanya. Na tsamo guda biyar. Ban sa sunan kowa ba, mutum biyu sun roƙi a sakaya su, sai na ga gara a yi wa kowa haka.

Tambaya: Yaya barka da aiki. Ni ɗan kabu-kabu ne nan unguwar Zariya. A TikTok nike yawan cin karo da wani ƙaton bature jikinai duk zane har huska, shina waƙa mutane na kuka awa an yi mutuwa, an ce mani sunanai Jelly Roll wai tsohon ɗan kaso ne. Ni ba ni jin ingilishi, faransancin ma sama-sama, amma walle waƙar na taɓa ni. Mi yake cewa, kuma wane irin kiɗi ne wanga?

Amsa: Barka kadai ƙanena, Allah ya kiyaye hanya. Bari in fara da kiɗin. Kantiri kiɗan mutanen karkara ne na kudancin Amurka, manoma da makiyaya da direbobin manyan motoci da masu haƙar kwal, kuma babbar kasuwarsa tana birnin Nashbil na jihar Tenesi. Kayan kiɗinsa na asali jitar katako ce da goge irin nasu da wani abu da suke kira banjo, wanda masana sunka ce tushensa daga nan Afirka ta Yamma yake, bayin da anka kwasa ne sunka tafi da fasaharsa, kai kanka in ka gan shi sai ka tuna gurmi ko molo. Shi kuma rok shi ne mai jitar lantarki da ganguna masu dukan ƙirji. Wajen ƙarshen shekarun 1960 wasu samari sunka gwama biyun, ƙungiyar The Byrds ta fitar da albam a 1968 da ake yawan cewa daga nan abin ya kama, daga baya ƙungiyar Eagles sunka kai shi ko'ina a duniya. Labarin na kantiri ne, ƙarar ta rok.

Mutumin da kake gani sunansa na yanka Jason DeFord, an haife shi 1984 a wata unguwa mai suna Antioch cikin Nashbil. Yana ɗan shekara 16 anka kama shi da laifin fashi da makami, kotu ta yi masa shari'a a matsayin babba, daga nan kuma sai shiga da fita, sayar da ƙwaya, sha, kamu, saki, a sake kamawa. A 2008 yana tsare wani gandiroba ya zo ya ce masa an haifa maka ɗiya mace, shi da bakinsa yake cewa ranar ce zuciyarsa ta juya. Da ya fito da rap ya fara, yana tallar faifansa daga bayan mota shekara da shekaru ba wanda ya san da shi sai ƴan tsiraru. A 2020 lokacin korona ya saki waƙar Save Me, mai yiwuwa ma ita ce kake cin karo da ita, murya ce da jita kawai, mutum ne ke roƙon a cece shi daga kansa don shi dai ya riga ya ɗauki kansa a lalatacce wanda ba ya gyaruwa. Akwai wata kuma Need a Favor, nan yana faɗin kunyar mutumin da ba ya tuna Ubangiji sai ruwa ya kai masa wuya, ga shi yau yana son ya ɗaga hannu amma ya san halinsa. Wa ye cikinmu bai san wannan kunyar ba?

A Nuwamba 2023 ƙungiyar masu kiɗan kantiri ta ba shi kyautar sabon mawaƙin shekara, yana dab da cika 39. Wata biyu bayan haka, Janairu 2024, ya zauna gaban wani kwamitin majalisar dattawan Amurka yana ba da shaida kan ƙwayar fentanil, wani maganin kashe ciwo mai tsananin ƙarfi da ke hallaka masu shansa, ya gaya musu shi kansa yana cikin waɗanda sunka jawo ɓarnar don ya taɓa sayar da ƙwaya, kuma saboda tsohon laifinsa a lokacin ko ƙuri'a ba ya da damar jefawa. Amma kada in yi maka kwalliya da shi ƙanena, ya faɗa a hirarraki cewa hodar iblis da kodin da ƙwayoyi ya bari, giya da wiwi kam bai rabu da su gaba ɗaya ba. E, kodin ɗin nan dai na maganin tari da ka sani. Kukan da ka ga jama'a na yi, yawancinsu akwai wanda sunka binne ko wanda suke jiran ya dawo gida.

Tambaya: Malam ina gaisuwa. Ɗalibi ne ni a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Tambayata ita ce mi ya sa sai yanzu waƙoƙin tuba da barin shaye-shaye sunka yi yawa a wannan kiɗin, ko dai yayi ne kawai zai wuce?

Amsa: Ina amsawa. Zancen ya girmi kakanka, abin da ya sake shi ne yadda ake faɗinsa. Mutanen kudancin Amurka mutanen coci ne sosai, kuma tun farko mawaƙinsu yana rayuwa ne tsakanin mashayar daren Asabar da cocin safiyar Lahadi. Hank Williams wanda suke ɗauka uban tafiyar ya yi waƙar addini I Saw the Light da ta fito 1948, amma giya da allurar kashe ciwon baya sunka cinye shi, anka tarar da gawarsa a kujerar bayan mota ranar 1 ga Janairu 1953, shekararsa 29 kacal. Gram Parsons, ɗaya daga waɗanda sunka haɗa kantiri da rok, ya mutu 1973 yana da 26, giya da mofin, wani maganin kashe ciwo mai ƙarfi, sunka kashe shi. Johnny Cash shi Allah ya ja kwanansa, ƙwayoyin hana barci sun kusa kashe shi a shekarun 1960, ya je kurkukun Folsom ya yi wa fursunoni wasa a Janairu 1968 anka naɗa anka fitar, a shekarar ya auri June Carter wadda ta tsaya masa tsayin daka, duk da haka ya sake komawa ƙwaya fiye da sau ɗaya kafin rasuwarsa a 2003. Merle Haggard yana fursuna a San Quentin ya kalli Cash yana wasa, ya fito ya zama babban mawaƙi, gwamnan jihar Kalifoniya Ronald Reagan ya yafe masa laifukansa a 1972.

To mi ya ƙaru yanzu? Annoba ce ta shiga gidajensu. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da maganin kashe ciwo mai suna OxyContin, anka yi ta tallarsa ga likitoci cewa ba ya kama mutum sosai, likitoci sunka yi ta rubutawa. Yankunan da abin ya fi yi wa illa su ne na masu aikin ƙarfi, masu haƙar kwal da sarar itace a Kentaki da Bajiniya ta Yamma da Tenesi, mutumin da bayansa ke ciwo kuma dole gobe ya fita aiki. A 2007 kamfanin ya amsa laifin yaudara a kotu anka ci shi tarar wajen dala miliyan 600, amma aikin gama ya gama. Da anka tsaurara rubuta maganin sai waɗanda ya riga ya kama sunka koma hiroyin, daga nan fentanil wadda ɗan ƙanƙanin abu ke kashe ƙato. A 2021 da 2022, kowace shekara mutum sama da 100,000 ne sunka mutu a Amurka ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima. Waɗannan yankuna su ne gidan kantiri, masu sauraro da masu waƙar duk ƴan can ne, ka ga babu yadda za a yi mawaƙi ya ci gaba da yabon kwalba kamar ba a yi komai ba, alhali layin gaba na masu kallonsa uwaye ne riƙe da hoton ƴaƴansu.

Sai abu na biyu, ƙungiyar mashayan da ke taimakon juna da anka kafa 1935 a garin Akron na jihar Ohayo, wadda suke kira AA. Ana zama da'ira, kowa ya miƙe ya faɗi sunansa ya amsa da bakinsa cewa shi mashayi ne, suna da matakai 12, suna ƙirga kwanakin da mutum ya yi bai sha ba har a ba shi ɗan ƙarfe mai kama da kwabo na shaida, na wata ɗaya, na shekara ɗaya. Wannan yaren ya shige cikin waƙoƙin yanzu. Mawaƙiya Morgan Wade ta jihar Bajiniya ta bar giya tun 2017 kuma tana faɗin haka a fili, Keith Urban ya kwanta gidan jinyar masu shaye-shaye a 2006 wata huɗu bayan aurensa. A da mawaƙi yakan ɓoye irin wannan don kada kasuwarsa ta faɗi. Ko yayi ne? Akwai yayi a ciki, zan taɓo shi a amsar Baba da ke ƙasa, amma ni ban ga zai wuce ba muddin ana ci gaba da binne matasa.

Tambaya: Ɗana ina yi maka sallama daga Sabon Gari, ɗiyata ce ke rubuta mini. Yarona shekararsa 22, tramol ta kama shi tun yana aikin dako a kasuwa. Sau biyu yana bari yana komawa. Yanzu kullum yana ɗaki ya toshe kunnuwa yana jin waƙoƙin nan na turawa, ƙanwarsa ta ce wai na masu barin ƙwaya ne. Babansa ya ce a fasa wayar. Ni dai tsorona kada su ƙara lalata shi. Mi za ka ce mini?

Amsa: Inna, na karanta saƙonki sau uku kafin in iya ɗaukar alƙalami, don gidanmu ma an yi wannan jinyar. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ne. Ina tuna wata asuba cikin hunturu na fito alwala na same shi zaune bakin rijiya, gumi na zuba a jikinsa kamar tsakar rana, haƙoransa na haɗuwa, ya ƙanƙame gwiwoyinsa, kwana biyu kenan bai sha ba. Mahaifiyarmu ta dama masa fura ta riƙe masa ludayi don hannunsa ba ya tsayuwa, ya kurɓa sau biyu ya amayar. Bai ce komai ba sai ya dube ni ya ce, Yaya ƙasusuwana ne ke ciwo. Ni a lokacin haushinsa nake ji, na ɗauka raki ne da rashin zuciya. Daga baya wani likita ya zaunar da ni ya fahimtar da ni abin da ban sani ba, shi zan faɗa miki.

Tramol dangin su mofin ce. A asibiti ƙwayar miligiram 50 ko 100 ake bayarwa, ta ƴan kwanaki, amma wadda ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya ana sayar wa ƴan dako da ƴan kabu-kabu da masu noma akwai mai 200, 225 har 250. Idan jiki ya saba da ita aka yanke rana ɗaya sai ya yi bore, gumi, gudawa, ciwon gaɓoɓi, rashin barci, baƙin ciki mai nauyi. Idan kuma an sha da yawa tana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, tana iya tsayar da numfashi. Wani haɗari da mutane ba su sani ba shi ne wanda ya bari na wani lokaci sannan ya koma ya sha adadin da ya saba a da, jikinsa ya riga ya manta, nan ake rasa da yawa. Saboda haka Inna abu na farko a kai shi asibiti, a nemi likita ko ma'aikacin da ke kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, su sun san yadda ake rage ta sannu a hankali da abin da ake bayarwa don sauƙin wahalar. Don Allah kada a ɗaure shi, kada a sa masa mari, kada a kai shi inda za a doke shi. Addu'a kuma a dage da ita tare da magani.

Zancen waya, ki roƙi Baba ya yi haƙuri kada ya fasa. Ba zan ce miki waƙa magani ce ba, na san ba ta warkar da kowa. Ga shaida mai ciwo, akwai wani mawaƙin wannan kiɗi Steve Earle, hiroyin ta kai shi har kaso a 1994, ya fito ya bari ya dawo da ƙarfinsa yana ta waƙa yana jan hankalin wasu, amma ɗansa na cikinsa Justin, shi ma mawaƙi, ya mutu a Agusta 2020 yana da shekara 38, hodar iblis ɗin da ya sha an gauraya ta da fentanil. Uban da ya san hanyar fita bai iya fitar da ɗansa ba, abin da ya iya shi ne ya tattara waƙoƙin yaron ya rera su da bakinsa ya fitar a farkon 2021.

Amma ki duba abin da yaronki ya zaɓa ya saurara. Waƙoƙin da ke yabon buguwa sun cika waya, da su yake so da ya same su cikin minti ɗaya. Shi ya je ya nemo na waɗanda ke cewa na gaji ina son in fita. A wurina wannan alama ce mai kyau, akwai sauran wuta a ƙarƙashin tokar. Ɗan ƙwaya a garinmu ba ya da wanda zai gaya wa abin da ke cikinsa, a gida faɗa, a fada dariya, a masallaci kunya, sai ya ji wani ƙato daga wata duniya yana faɗin daidai abin da shi ya kasa faɗa. Akwai wani Jason Isbell ɗan jihar Alabama, giya ta raba shi da ƙungiyarsa ta Drive-By Truckers a 2007, a farkon 2012 na kusa da shi sunka taru sunka kai shi gidan jinya, shekara ta zagayo ya fitar da albam Southeastern. Duk inda ya je wasa, in ya iso baitin da yake faɗin ya bar sha, sai fili ya kaure da tafi da sowa. Ki kwatanta a ranki, mutum ya faɗi abin kunyarsa gaban dubban jama'a su kuma su tafa masa don ya bari. A 2020 ma ya yi wata waƙar yana cewa har yanzu yakan yi mafarkin yana sha, abin yana sauƙi amma ba ya ƙarewa. Ni wannan gaskiyar ce ta sa nake girmama su.

Komawar da ya yi sau biyu kada ta karya miki gwiwa, nawa ƙanen sau uku ya koma. Abin da zan roƙe ki, wata rana da dare bayan isha ki shiga ɗakin ki zauna kusa da shi, kada ki yi faɗa, ki ce ya jiyar da ke waƙar da ya fi so ya faɗa miki mi take cewa. Mai yiwuwa a cikin fassarar ya gaya miki nasa. Ƙanena yau shekara huɗu kenan, yana walda, yana da ɗa guda. Allah ya shirya miki naki Inna, ya sanyaya miki zuciya.

Tambaya: Ni tsohon mushe ne daga Tsibiri. Na ga kana yabon waƙoƙin nan, to ka sani fansar da suke magana a kai aƙidar coci ce, ba tamu ba. Sannan kasuwanci ne, hawaye suke sayarwa. Mi ya kai ɗan musulmi can alhali muna da ƙofar tuba a buɗe?

Amsa: Baba na gode, kuma ban ƙi maganarka ba, duka biyun akwai gaskiya a ciki. Kalmar da suke amfani da ita tushenta coci ne, a aƙidarsu an fanshi mutum ne daga zunubi, mu kuwa bawa ne ke komawa ga Ubangijinsa kai tsaye, ya yi nadama, ya bari, ya ƙudurta ba zai koma ba, in akwai haƙƙin wani ya mayar. Albam ɗin Jelly Roll na 2023 ma sunan cocin da ya taso a ciki ya sa masa, Whitsitt Chapel. Ba na kiran kowa ya ɗauki aƙida daga waƙa, hukuncin kiɗa kansa kuma na bar wa malamai, ni ba fagena ba ne.

Kasuwanci kuwa ba a magana. Albam ɗinsa na Oktoba 2024 ya hau na ɗaya a jerin cinikin Amurka, kamfanoni sun ga nadama na kawo kuɗi, yanzu za ka ji yaron da bai taɓa kwana kaso ba yana rera shi ma ɓatacce ne. Tashar rediyon da ta sa waƙar barin giya, waƙa ta gaba yabon wiski ce. Manyan mawaƙan da yawa suna da mashaya da sunansu a babban titin Nashbil, har shi Jelly Roll ɗin. Wannan yana damuna ƙwarai kuma ba zan kare shi ba. Sai dai mutumin nan dai shi ne ya koma gidan tsare yara na Nashbil inda anka taɓa kulle shi ya sa kuɗinsa anka gina musu situdiyo, yana kuma zagaya gidajen kaso yana zama da fursunoni.

Inda nake son mu tsaya Baba shi ne ƙofar tuba da ka ambata. Wallahi a buɗe take, Allah ya ce a suratuz Zumar kada bayinsa da sunka yi ɓarna a kan kawunansu su yanke ƙauna daga rahamarsa, Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya ce duk ɗan Adam mai kuskure ne kuma mafi alherin masu kuskure su ne masu tuba. Amma ƙofarmu mu mutane fa? Yaro ya bar ƙwaya shekara biyar, ya je neman aure a ce ai ɗan ƙwaya ne. Ya nemi a ba shi jari ko a ɗauke shi shago, a ce a'a kada ya kwashe kaya. Ƙanena sai da munka je gida uku kafin a ba shi mata, kuma duk ukun masu salla ne a sahun gaba. Kai malami ne da ka koyar da yara shekaru, na tabbata akwai ɗalibanka da wannan abu ya ci, in irinku dattawa kunka fara kiran wanda ya bari kuna zaunar da shi kusa da ku a bainar jama'a, da yawa ba za su je neman wanda zai fahimce su a Tenesi ba.

Tambaya: Salam babban yaya. Ina ɗan taɓa rap da hausa, muna da ƙaramin situdiyo a Ali Ɗan Sofo. Ni ma na taɓa shan kodin na bari wata takwas kenan. Ina son in yi waƙa a kai amma ina tsoron a gane ni nake nufi. Shawara?

Amsa: Wata takwas! Allah ya ƙara maka ƙarfi ƙanena, na ji daɗin wannan saƙon har cikin raina. Waƙoƙin faɗakarwa kan shaye-shaye muna da su da yawa da hausa, musamman tun 2018 da binciken BBC ya sa Najeriya ta hana maganin tari mai kodin, kuma duk ranar 26 ga Yuni ana taro ana jawabi. Amma ka saurare su da kyau, kusan duka matasa ku daina, matasa ku guji, mai waƙar yana tsaye can gefe da farar riga yana nuna yatsa. Wanda ke cikin ramin ya san an faɗa, ya ji sau dubu. Abin da bai taɓa ji ba shi ne wani ya ce ni ne, ga ranar da na fara, ga wanda ya miƙo mini kwalbar farko cikin lemo, ga abin da na sata a ɗakin tsohuwata, ga daren da na ce ya isa.

Kada ka kwaikwayi malafarsu ko muryarsu, ba ka buƙatar jitar kowa, sa gurmi ko kalangu in ka ga dama. Abin ɗauka a wurinsu shi ne faɗin ƙananan abubuwa yadda suke, sunan unguwa, warin ɗakin, kuɗin da ka kashe ko jaka nawa ne. Sai dai ban ce ka tona abin da Allah ya rufa maka asiri a kai ba, kuma kada ka ambaci sunan kowa. Ka fara shawara da mahaifanka, don garin nan ƙarami ne kuma su ma maganar za ta shafe su. In ka ga wata takwas ya yi kusa, zuciyarka ba ta yi ƙwarin ɗaukar surutun mutane ba, rubuta ka ajiye, shi ma Isbell sai da ya fito daga jinya ya natsu kafin ya shiga situdiyo. In kun naɗa ka turo mini ta adireshin mujalla, zan kai wa ƙanena shagon walda mu saurara tare bayan la'asar.